Litar Fetur Ɗaya, Kilomita 3,771: Yadda Ɗalibai Ke Ƙera Motocin Da Ba Su Da Shan Mai

Idan aka zuba wa babur litar fetur ɗaya, mai shi zai yi murna in ta kai shi kilomita 40 ko 50. Motar gida kuwa, in ta yi kilomita 12 zuwa 15 da lita ɗaya, sai ka ji ana yabon ta, ana cewa ba ta da shan mai. To ƙannenmu ɗalibai, ku riƙe wannan a zuciya, ku ji wani labari.

A shekarar 2009, a wani filin tseren motoci da ke Lausitz a ƙasar Jamus, wasu ɗalibai 'yan Faransa sun fito da wata 'yar mota mai suna Microjoule. Da ta gama zagayenta aka auna man da ta sha, aka buga lissafi, sai aka ga lita ɗaya za ta kai ta kilomita 3,771. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita dubu ne. Ke nan da litar nan ɗaya za ta je Legas ta dawo, ta sake komawa, ta kuma kamo hanyar gida da sauran mai a tanki. In an mayar da lissafin ƙasa, cokalin shayi ɗaya na fetur, wato mililita 5, zai kai ta kusan kilomita 19.

Mu ma ranar da muka fara jin wannan magana, muna ajin farko a sashen injiniya, dariya muka yi. Wani a cikinmu ya ce ƙaryar intanet ce, wani ya ce ai dole akwai wani sirrin inji da Turawa suka ɓoye. Yau ga mu, mu ɗin dai, muna kwana a ɗakin gwaje-gwaje muna fama da tamu 'yar motar. Abin da muka gano shi ne, sirrin da muke nema tun a darasin Fiziks na babbar sakandare aka koya mana shi, mu ne ba mu lura ba.

Daga gardama zuwa gasa

Sunan gasar Shell Eco-marathon. Asalinta wata gardama ce da ta tashi a 1939 tsakanin masana kimiyya a wani ɗakin binciken kamfanin Shell da ke Wood River, a jihar Illinois ta Amurka, kan wa zai fi yin nisa da mai daidai gwargwado. Wanda ya yi nasara a lokacin kimanin kilomita 21 ya samu da lita ɗaya. A 1985 aka fara gasar a Faransa a irin tsarin da aka san ta da shi yanzu, inda ɗalibai ne ke zanawa, su ƙera, su kuma tuƙa. Daga baya ta bazu zuwa nahiyar Amurka da Asiya, an kuma yi ta a Afirka ta Kudu.

A wannan gasa ba ruwan alƙalai da wanda ya riga wani isa. Ana ba kowace mota nisan da za ta yi, yawanci kimanin kilomita 16, da lokacin da dole ta gama a ciki, wanda ke nufin matsakaicin gudunta ya kai kusan kilomita 25 a awa, gudun mai keken da ya dage ke nan. Duk wanda ya gama a kan lokaci da makamashi mafi ƙanƙanta, shi ne zakara.

Motocin rukuni biyu ne. Akwai UrbanConcept, masu taya huɗu da fitila da ƙofa, waɗanda suka ɗan yi kama da motar da muka sani. Akwai kuma Prototype, wato motocin gwaji zalla, waɗanda ba a neman komai a wurinsu sai tsimin makamashi. A kan su za mu yi magana. A kowane rukuni ɗalibai na iya zaɓar injin da ke ƙona mai, kamar fetur ko dizal ko itanol, ko batir, ko kuma iskar haidurojin da ake mayarwa lantarki.

Yaya motar take?

In kuka gan ta a ajiye ba za ku ce mota ba ce. Doguwa ce siririya, mai ƙaton kai da tsinin wutsiya, kamar tarwaɗa. Tsayinta daga ƙasa bai kai mita ɗaya ba, yawanci ma da ƙyar take wuce gwiwar mutum. Tayoyinta uku ne galibi, biyu a gaba ɗaya a baya. Mutum ɗaya take ɗauka, shi ma a kwance rigingine, ƙafafu a gaba, yana leƙen hanya ta tsakanin yatsun ƙafarsa. Babu rediyo, babu na'urar sanyaya ɗaki, babu kujera mai laushi.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa yana da dalili. Malaminmu yakan ce fetur yana da ɓarayi huɗu, aikin injiniya kuma shi ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya toshe musu ƙofa.

Ɓarawo na farko: iska

Duk wanda ya taɓa tuƙa keke yana fuskantar iskar hunturu ya san iska na da ƙarfi. Mota ma dole ta ture iskar da ke gabanta kafin ta wuce. Abin lura shi ne turjiyar iska ba ta tafiya kai ɗaya da gudu: in ka ninka gudunka sau biyu, turjiyar sau huɗu take ninkuwa, in ka ninka sau uku ta ninku sau tara. Shi ya sa waɗannan motoci ba sa gudun da ya wuce abin da doka ta tilasta musu.

Siffar mota ma tana da muhimmanci. Da yawanmu mun ɗauka gaban mota ne ya kamata ya yi tsini. A irin wannan gudu, baya ne ya fi bukatar kulawa. Idan bayan mota ya yanke kwatsam kamar na bas, iskar da ta biyo jikinta sai ta rikice ta yi ta juyi a wurin, ta riƙa jan motar baya. Idan kuwa bayan ya tsuke a hankali kamar wutsiyar kifi, iskar sai ta haɗe lami lafiya. Ana kwantar da direba ne don faɗin abin da ke karo da iska ya ragu, ana kuma rufe tayoyi a cikin bodi don kada su riƙa kaɗa iska.

Injiniyoyi suna da lambar da suke auna santsin siffar mota da ita. Ta motar gida takan kai wajen 0.3. Ta PAC-Car II, wadda ɗaliban jami'ar ETH da ke Zurich a ƙasar Suwizalan suka ƙera, 0.075 ce, wato rubu'in waccan. A 2005 wannan mota mai amfani da haidurojin ta yi abin da ya yi daidai da kilomita 5,385 a litar fetur ɗaya, a filin gwaji na Ladoux da ke Faransa.

Ɓarawo na biyu: taya

Ku dubi tayar mota inda ta taɓa ƙasa, za ku ga ta ɗan baje. Yayin da take juyawa, kowane ɓangare nata yana lotsawa yana miƙewa, kuma wannan lotsawar tana cin makamashi ta mayar da shi zafi. Shi ne dalilin da ya sa keken da ba shi da isasshiyar iska yake da nauyin tuƙi. Don haka motocin gasar suna amfani da siraran tayoyi masu shan iska sosai, har kamfanin Michelin ya ƙera wasu na musamman saboda su.

Taya mai kyau ba ta wadatar ba in ba a saita ta daidai ba. Idan tayoyin gaba biyu suka ɗan kalli juna, ko suka ɗan juya wa juna baya, ko da da abin da ido ba zai gani ba ne, to motar tana tafiya tana kankarar ƙasa. Haka boris ɗin da ya sha giris mai kauri, haka birkin da ke ɗan gugar taya ba a sani ba. A motar gida mai ƙaton inji ba a jin waɗannan. A motar da ke ƙirga mai da ɗigo, su ne ke raba na ɗaya da na goma.

Ɓarawo na uku: nauyi

Gwargwadon nauyin mota, gwargwadon yadda take danne taya, gwargwadon kuma ƙarfin da ake bukata kafin a tayar da ita daga tsaye. Dokar gasar ta ce motar gwaji kada ta wuce kilo 140 ba tare da direba ba, amma gwanaye ba sa ko kusantar wannan. PAC-Car II kilo 29 ce kacal. Buhun siminti kilo 50 ne, ku kwatanta. Direban ma ya fi motar nauyi.

Ana samun wannan ne da zaren kabon, wani baƙin ƙyalle da ake shimfiɗawa a kan zubi, a shafe shi da wani irin gam, in ya bushe ya yi ƙarfi kamar ƙarfe amma ba shi da nauyi. Tsada gare shi, shi ya sa ƙungiyoyin da ba su da hali sukan yi amfani da alminiyam da zaren gilas. Manyan ƙungiyoyi har noti da kusa suke ɗorawa a kan sikeli kafin su ɗaura.

Ɓarawo na huɗu: injin kansa

Wannan shi ne babban ɓarawo. A cikin makamashin da ke cikin fetur, kashi biyu cikin uku ko fiye yana tafiya ne a zafi, ta salansa da jikin inji. Ragowar ce ke juya taya. Kuma inji ya fi yin asara lokacin da yake aiki kaɗan-kaɗan, kamar motar da ke tsaye a cunkoso injinta na kunne.

Ga inda abin ya ba mu mamaki. Motar gwajin da ta ƙeru sosai, ƙarfin da take bukata don ta ci gaba da tafiya a kilomita 25 a awa bai kai na ƙwan lantarki mai wat 60 irin na da ba. Ɗan injin Honda GX35 kuwa, wanda ake sa wa na'urar yankan ciyawa, wanda kuma ƙungiyoyi da yawa ke farawa da shi, yana ba da kusan wat 1,000. Ko wannan ɗan mitsitsin inji ya yi wa motar yawa nesa ba kusa ba.

To yaya ake yi? Direba yakan kunna inji na 'yan daƙiƙoƙi, ya ba shi wuta a inda ya fi aiki da kyau, motar ta ɗauki gudu. Sai ya kashe shi ɗungurungum, motar ta ci gaba da sulalawa shiru, kamar yadda tayar keke ke ci gaba da juyawa bayan ka daina murza feda. In gudun ya sauko, ya sake kunnawa. A mafi yawan tafiyar, injin a kashe yake. Ƙungiyoyi da yawa kuma sukan cire kafireta su sa na'urar fesa mai da kwamfuta ke sarrafawa, su kuma lulluɓe injin don kada ya huce tsakanin kunnawa da kunnawa.

A nan dole mu ja kunne. Wannan dabara ta filin gasa ce, inda aka rufe hanya kuma aka ƙera motar don haka. Kashe injin motar gida a kan gangara don tsimin mai ganganci ne, domin a yawancin motoci birki da sitiyari suna yin tauri da zarar inji ya mutu.

Direba ma injiniya ne

Tunda nauyi asara ne, ana neman direba mara jiki. Sai dai doka ta sa iyaka: direban motar gwaji kada ya gaza kilo 50 da kayan tuƙinsa, in bai kai ba a ƙara wa motar nauyi ya cike. Saboda haka za ku ga ɗalibai mata da yawa ne ke tuƙa waɗannan motoci, ban da waɗanda ke zane da lissafi da shugabancin ƙungiya.

Aikin ba wasa ba ne. Direba yana kwance a cikin ɗan akwati mai zafi, da hular kwano, da rigar da wuta ba ta saurin ci. Dole ya haddace hanya: ina gangara take, ina hawa yake, ta ina iska ke bugowa, a wace kwana zai iya wucewa ba tare da ya taɓa birki ba. Duk taka birki ɗaya, man da aka riga aka ƙona ne aka zubar. In kuma ya cika tsimi har lokaci ya ƙure masa, an soke wannan zagayen gaba ɗaya.

Kafin a hau hanya

Babu motar da ke shiga fili sai ta tsallake binciken alƙalai, kuma a nan ne ƙungiyoyi da dama ke zubar da hawaye. Ana ɗora motar a kan gangara a gwada ko birki zai riƙe ta. Ana danna ƙarfen da ke kare kan direba a ga ko zai jure. Ana duba bel, da madubi, da ham, da abin kashe inji na gaggawa. Ana kuma ɗaure direba tsaf a rufe shi, a danna agogo: dole ya fito da kansa cikin daƙiƙa 10. Motar da aka shekara ana ƙerawa tana iya komawa gida ba ta taka fili ba saboda waya ɗaya da ba a ɗaure daidai ba.

Awon man kuwa da ɗan tankin gilas ake yi, wanda bai fi ƙaramin kofi ba. Alƙalai su cika shi zuwa wani layi kafin a tashi, in an dawo su sake cikawa da ma'auni, abin da ya shiga shi ne abin da motar ta sha. Ku gwada lissafin: motar da ta yi kilomita 16 da mililita 10, nawa za ta yi da mililita 1,000? Amsar ita ce 1,600. Ba wanda ke tuƙa dubban kilomita a gasar, lissafi ne ke faɗa.

Abin da ya faru da tamu

Mu da muka tashi farawa, kan inji muka yi ca. Mun ɓata makonni muna gardamar wane za mu saya, alhali ko kuɗin ba mu haɗa ba. Firam ɗin motar kuwa muka sayo bututun ƙarfe a kasuwa, muka kai wa wani dattijo mai walda. Ya dubi zanenmu ya ce, "Yarana, wannan abin mutum zai shiga?" Muka ce, "Eh Baba, a kwance ma." Ya girgiza kai, ya ƙara mana ƙarfe ta ko'ina don tausayi. Da aka gama, sai da mu huɗu muka ɗaga ta.

Ranar da muka kai wa malaminmu, ko tambayar inji bai yi ba. Ya sa muka kai ta kan wata 'yar gangara a bayan ɗakin gwaji, ɗayanmu ya shiga, aka sake ta, aka sa alama da alli a inda ta tsaya. Ba ta je ko'ina ba. Muka ce, "Malam, ai ba inji ne shi ya sa." Ya ce mu ɗauko zare da ma'auni mu auna tsakanin tayoyin gaba, ta gaba da ta baya. Ashe sun buɗe kamar ƙafar agwagwa. Muka saita su, muka wanke boris, muka ƙara iska, muka gyara birkin da ke gugar taya. Da muka sake sakin ta daga wuri ɗaya, ta wuce alamar farko ta yi nisa, har wanda ke ciki ya fara ihu. Ba mu kashe ko sisi ba ranar, kuma ranar ce muka fahimci aikin.

Har yanzu ba mu je gasa ba. Kuɗin kaya da na jigilar mota zuwa wata ƙasa ba ƙaramin abu ba ne, kuma wasu cikinmu za su gama karatu kafin motar ta kammala. Muna rubuta duk awon da muka yi a littafi guda, har da kurakuranmu, saboda waɗanda za su zo bayanmu su ɗora daga inda muka tsaya. Wataƙila wani daga cikinku ne zai buɗe littafin.

Kada kuma ku ɗauka abin na Turawa ne kaɗai. A shekarun 2014 da 2015, lokacin da ake gasar Turai a birnin Rotterdam na ƙasar Holan, ɗaliban Najeriya sun shiga da motocin da suka ƙera da hannunsu. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ƙera ABUCAR, Jami'ar Benin ta ƙera Tuke-Tuke, Jami'ar Legas ma ta ƙera tata. Ita kanta Microjoule ba daga jami'a ta fito ba. Daga La Joliverie take, wata makarantar koyon fasaha da ke yankin birnin Nantes.

To mene ne amfaninta?

Tambaya ce mai kyau, iyayenmu ma sun yi mana ita. Gaskiya motar nan ba za ta kai kowa kasuwa ba. Ba ta ɗaukar buhu, ba ta ɗaukar fasinja, rami ɗaya a hanya ya ishe ta. Amma ɓarayin nan huɗu da ake kamawa a jikinta su ne dai ke satar mai a babur ɗin yayanku da a-daidaita-sahun unguwarku da motar da ke kawo hatsi daga ƙauye. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kowa ya ga yadda kuɗin mai ke shiga kuɗin mota da kuɗin abinci. Taya mai isasshiyar iska, rage kayan da ba a bukata, tuƙi ba tare da fizga da yawan birki ba, duk suna rage abin da ake kashewa. Sabbin motoci da yawa ma yanzu suna kashe injinsu da kansu in sun tsaya a danja.

Babban abin da gasar ke ƙerawa kuwa shi ne ɗalibin da ya saba da awo, wanda in abu ya ƙi aiki zai ɗauko ma'auni kafin ya buɗe baki.

Ku gwada da kanku

Ba sai kun shiga jami'a ba. Ku sami keke, da alli, da 'yar gangara mara tsanani a filin makaranta ko wani wurin da mota ba ta bi, ku kuma nemi izinin malaminku na Fiziks. Mutum ɗaya ne zai hau a duk gwajin, daga wuri ɗaya, ba tare da murza feda ba.

Da farko ku sake shi da taya mai cikakkiyar iska, ku sa alama inda ya tsaya. Ku maimaita sau uku ku ɗauki matsakaici. Sannan ku rage iskar taya ku sake. Bayan haka ku mayar da iskar, mahayin ya gwada a zaune a miƙe da riga mai faɗi, ya kuma gwada a sunkuye. Abu ɗaya kawai za ku riƙa canzawa a kowane gwaji, in ba haka ba ba za ku san abin da ya kawo bambancin ba. Ku auna nisan da taku ko da igiya, ku rubuta a littafi.

In kun yi haka, kun yi irin gwajin da ƙungiyoyin gasar ke yi wa motocinsu kafin su ɗaura inji. Ku riƙe Lissafi da Fiziks da Kimistiri da zanen fasaha da kyau, ku kuma riƙa tsayawa a garejin unguwa kuna kallon yadda makanikai ke aiki, kuna tambaya cikin ladabi. Wanda ya yi gwajin keken, ya aiko wa wannan shafi da sakamakonsa tare da sunan makarantarsa, muna son mu ga wane canji ne ya fi kai keken nesa a wurinku.